Kada Ki Sa Sabo a Ƙarshen Wasan

Gyadi-Gyadi, Kano
Lahadi, 12 ga Oktoba

Ummi,

Assalamu alaikum. Idan kina karanta wannan takarda, to kin sauka Abuja ke nan, domin na roƙi mamanki ta cusa ta can ƙasan jaka, inda ba za ki gan ta ba sai kin zauna fitar da kaya. Allah ya sa kin isa lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki da na mutanen da za ki yi aiki da su, ya kuma tsare su daga naki, don ba wanda ba shi da nasa.

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina riƙe da Baffa Idi a raina. Ya rasu, na bi gawarsa, na zauna makokinsa, amma ban sake shi ba. Ba gado ya cinye mana ba, ba zagina ya yi ba. Umarni kawai ya bayar a wanke ɗaki. Kin sha jin labarin nan a bakina gutsure-gutsure tun kina ƙarama, amma ban taɓa jera miki shi daga farko ba, kuma tambayar da kika yi min ranar Alhamis a zaure ba ta amsuwa sai an jera. Kin nuna min wasan kwamfutar da kika ƙirƙira a kan kisan ƙanena, wanda saboda shi kamfanin nan ya ɗauke ki aiki, sannan kika ce, "Baba, wa za mu sa a ƙarshe?" Na tashi na bar ki da kwamfutar a buɗe. Ba fushi na yi ba. Tun ranar ban iya zama wuri ɗaya ba. Jiya na taka har kasuwar Tarauni na dawo ban sayi ko albasa ba. Na zauna a zaure, na koma tsakar gida, na dawo zaure, har mamanki ta ce ko in zauna ko in fita, ina sa mata jiri. Shi ya sa na ɗauko biro.

Nasiru ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaran rediyo da talabijin yake yi a shagon ƙofar gida, wanda mai cajin waya yake haya yanzu, a nan kuma yake kwana. Wata rana ba a gan shi a sallar asuba ba. Da rana ta ɗaga wani ya zo karɓar rediyonsa, ya tura ƙofa, ya same shi kwance an buge shi a ƙeya. Ba a ɗauki komai ba. Rediyoyin mutane suna jere a kan kanta, babur ɗinsa yana jingine.

Ni ina ofis. Lokacin ba waya a aljihun kowa, sai da aka tashi mutum a kan keke. Da na iso lungunmu, abin da na fara gani ruwan kumfa ne yana gangarowa daga ƙofar shagon zuwa kwata. Mata na ciki da tsintsiya da bokitai. An shimfiɗa tabarmi a waje. Nasiru kuwa an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, ni kaɗai ake jira. Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifin namu. Yana tsaye da carbi.

Na ce, "Baffa, wa ya ce a wanke?"

Ya ce, "Ni na ce. So kake uwarsa ta fito ta ga jinin ɗanta ƙudaje na bi?"

Na ce, "To 'yan sanda fa?"

Ya ce, "Su zo su yi mana gaisuwa. Kai Lawan, duk karatun naka ba a faɗa maka gawa ba ta jira ba? So kake a kai shi asibiti a feɗe shi, a ajiye shi a firiji kamar kifi? Mun bar wa Allah. Wuce ka yi alwala."

Na wuce na yi alwala. Kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Da yamma wani sajan ya zo, ya tsaya a bakin shagon, ya dubi simintin da bai gama bushewa ba, ya dube ni, ya ce, "Malam, me kake so in duba a nan? Ai ko a yi salla a ciki." Daga baya wata maƙwabciya ta faɗa min cewa ta ga kofunan shayi biyu a kan benci. Na ce ina suke? Ta ce ta wanke su, ai masu gaisuwa za su buƙaci abin shan ruwa.

Na san Baffa ya yi abin da ubansa da kakansa za su yi. Na san don Inna ya yi. Sanin bai taɓa kwantar min da rai ba. Amma ba laifin Baffa na zauna rubuta miki ba. Nawa zan rubuta, kuma ba asiri nake tona miki ba, duk wani mai furfura a unguwar nan ya san su.

Na farko, na yarda da kaina fiye da kima. A lokacin masu digiri a lungunmu ba su da yawa, ni kuma na cika kaina da littattafan Turawa na binciken kisa, waɗanda a shafin ƙarshe wani mai basira yake tara kowa a falo ya nuna mai laifi da yatsa. Na ɗauka ni ne shi. Na mai da zaman makoki ɗakin tambayoyi. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" ni kuma in ce, "Yaushe rabonka da shi?" Tsofaffi suna addu'a, ni ina kallon hannayen mutane. Kafin sadakar bakwai 'yan majalisar mai shayi sun raɗa min suna Si'aidi, wato ɗan sandan ciki, sunan da har yau jikokinsu suke kirana da shi ba tare da sun san mafarinsa ba.

Abin da ban gane ba sai da na tsufa shi ne, ɗakin da ke cikin littafi wanda ya riga ya san amsa ne ya shirya shi. Shi ya ajiye sawun, shi ya ajiye maɓallin rigar a ƙarƙashin gado, don a tsinta. A duniya ba mai ajiye maka komai. Ki riƙe wannan, domin sana'arki ke nan yanzu, shirya ɗakuna. Ki shirya su da kyau, amma kada wata rana ki fito daga ofis ki ɗauka haka Allah ya shirya nasa.

Na biyu shi ne Sabo. Tela ne, aminin Nasiru tun suna yara, kwano ɗaya suke ci. Shan inna ya taɓa shi yana ƙarami, ya bar shi da ɗingishi a ƙafar hagu. Ba ki taɓa zuwa maƙabarta ba, bari in faɗa miki yadda ake yi. Makara ba ta daɗewa a kafaɗar mutum ɗaya. Kowa ribibi yake ya sa tasa, ko taku kaɗan ne, na baya ya karɓi na gaba, har wanda bai san mamacin ba. Na kusa da shi kuwa su ne suke shiga kabari su karɓe shi. Ranar Nasiru, kowa ya taɓa makarar nan ban da Sabo. Yana can gindin wata darbejiya a bakin maƙabarta, hannu a ƙirji, har aka gama. Bai zauna makoki ba. Ranar sadakar uku ya zo, ya yi gaisuwa daga nesa, ya juya.

Na gani, na ajiye. Bayan 'yan kwanaki muna zaune a teburin mai shayi da hantsi, majalisa ta cika, na ce, "Ni dai abin da ban gane ba, me ya hana Sabo taɓa makara?"

Iyakar abin da na faɗa ke nan, Ummi. Ban ce ya yi ba. Mai shayi ya tsaya da buta a sama, sannan ya ci gaba da zubawa.

Kafin Juma'a ta zagayo, na ga abin da maganar ta haifa. A masallacinmu liman ba ya ta da salla sai ya ce a haɗa kafaɗa, a toshe kafa. Aka haɗa ko'ina, amma dama da hagun Sabo aka bar fili wanda ƙaramin yaro zai shige. Wanda ya makara ya gwammace ya fara sabon sahu shi kaɗai da ya shiga wurin. Salla ƙarama ta matso, mutane suka riƙa zuwa shagonsa suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, kowa da uzurinsa. Ba wanda ya tuhume shi, don haka ba wanda zai ba amsa.

Wata rana bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida, tef ɗin awo a wuyansa.

Ya ce, "Yaya Lawan, an ce kana tambaya."

Na ce, "Ina tambaya."

Ya ce, "Ƙafafuna ne suka ƙi. Wallahi na yi niyya, suka ƙi."

Na ce, "Ranar da abin ya faru, kun sha shayi tare?"

Ya ce, "Kullum muna sha."

Na ce, "Ranar nake tambaya."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "In na ce e, ka gama da ni. In na ce a'a, ka ce ƙarya nake. Wanne kake so in ba ka, Yaya?" Ya juya ya tafi yana jan ƙafar.

Kada ki jira in ce miki daga baya gaskiya ta fito, an gano ba shi ba ne. Ba abin da ya fito. Har yau ban sani ba. Akwai ranakun da nake tashi da yaƙinin na zalunci bawan Allah wanda baƙin ciki ya riƙe wa ƙafa. Akwai ranakun da nake tashi da kofunan nan biyu a kaina, in ce to wa ya sha ɗayan? Cikin wannan nake kai da kawo tun kafin a haife ki. Abin da na sani tabbas ɗaya ne. A wurinmu, tambayar da aka yi a gaban jama'a ba tambaya ba ce, hukunci ce, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara. Idan kina zargin mutum, ko a ofis ne a kan abin da bai kai wannan ba, ki same shi shi kaɗai, ko ki haɗiye.

Inna, wadda kika ci sunanta, ta kira ni ɗakinta a lokacin. Ta ce, "Lawan, ɗa ɗaya aka kashe min. Kada ka ƙara min da na mutane."

Na ce, "Inna, haƙƙinsa nake nema."

Ta ce, "Haƙƙinsa yana wurin Wanda ya ga ɗakin kafin a wanke. Kai je ka yi karatunka."

Ban je ba, wannan ne na uku. An ba ni gurbin ƙaro karatu a Ingila a shekarar. Na rubuta na ce a ɗaga min zuwa baɗi, akwai shari'a a gabana. Wace shari'a? Ba a kama kowa ba. Baɗin ta zo na sake neman a ɗaga, sai aka ba wani. Yanzu in mun haɗu a ɗaurin aure, sai ya sauke gilashin mota rabi ya ce, "Lawan, kana nan?" Ina nan. Lokutan aiki na ƙarar da su a kan bencin caji ofis, ina bin fayil daga wannan tebur zuwa wancan, har aka kai ranar da ba wanda ya san teburin da yake. A ma'aikata aka gaji da kujerata ba kowa, aka sallame ni da ladabi. Waɗanda na koya wa rubuta takardar ofis suka zama daraktoci. Mamanki ta riƙe gidan nan da ɗinkin hula da zoɓo, ba ta taɓa goranta min ba, wanda da ta goranta da ya fi min sauƙi. Ummi, mamaci ba ya buƙatar shekarunki. Addu'a yake buƙata, ita kuma ba ta hana zuwa aiki.

Na huɗu shi ya fi kusa da ke, ki karanta shi a hankali. Lokacin da finafinan kaset suka cika gari, wani saurayi mai shirya fim ya zo ya same ni a zauren nan. Ya cire takalmi tun daga waje, Baba sama Baba ƙasa. Ya nemi in ba shi labarin Nasiru, da na kai wurin wanke ɗakin har hawaye ya share. Na yi lissafi irin nawa na mai ilimi, na ce idan labarin ya shiga kowane gida, wanda ya ga wani abu ranar zai ji nauyi ya fito ya yi magana. Na ba shi komai, har kofunan, har darbejiyar, har ɗingishin. Sharaɗi ɗaya na kafa masa, a bar ƙarshen a buɗe kamar yadda yake. Ya ce, "Baba, in na saɓa kada ka yafe min."

Kaset ya fito. An canza sunaye, an canza unguwa, an mai da telan mai wanki da guga. Amma an bar masa ƙafarsa. Shi ne ya yi kisan, an nuna shi ƙarara da taɓarya a hannu. Dalili kuwa, wai su biyun matar wani suke nema, har da waƙa da rawa a cikin lambu. Nasiru, wanda in mace ta kawo gyaran rediyo kansa a ƙasa yake karɓa.

Na sami mai fim ɗin a shagonsa cikin kasuwa, na ce, "Ina alkawarin?"

Ya ce, "Haba Baba, ai mun canza suna. Kuma kasuwa ba ta karɓar fim ɗin da ba a kama mugu ba. Matan gida za su ce an yaudare su. Zauna a kawo maka lemo."

Ban sha lemon ba, bai kuma rage komai ba. Yaran lungu suka riƙa bin Sabo a baya suna kwaikwayon tafiyarsa, suna kiransa da sunan mugun fim ɗin. Wanda ya jure wa filin da aka bar masa a masallaci shekara da shekaru, wannan bai jure ba. Ya kwashe iyalinsa da kekensa ya koma Darmanawa, lokacin can ƙarshen gari ne. Inna kuwa a gidan suna ta ji wata tana cewa, "Ashe dai a kan mace ne." Daga ranar, in na shiga gaishe ta sai ta amsa, ta ci gaba da jan carbinta har in gaji in tashi. Haka muka zauna har ta rasu. Mai shaidar da na ba da labarin dominsa bai taɓa zuwa ba.

Yanzu ga naki. Ba zan ɓoye miki ba, aikin ya yi kyau, ya fi ƙarfin abin da na zata. Kin zaunar da ni, kin nuna min inda zan danna. Ga lungunmu kamar yadda yake a da, ga kwatar, ga teburin mai shayi, har kiran sallar da ke tashi daga nesa. Na tura ƙofar shagon. Ummi, ba a wanke shi ba. Ga kofuna biyu a kan benci suna ƙyalli, alamar a ɗauka a duba. Ban taɓa ganin ɗakin nan a haka ba, na isa ne bayan tsintsiya. Da kika shiga ciki taya mamanki girki, na sake shiga, na fito, na sake shiga. Na duba ƙarƙashin benci, na duba bayan ƙofa. Kin dawo kin same ni a kai kika yi dariya, kika ce, "Baba ya kamu." Kin ɗauka wasa nake. Nema nake da gaske. Tsoho mai digiri yana neman wanda ya kashe ƙanensa a cikin ɗakin da 'yarsa ta zana daga bakinsa.

A nan matsalar take. Duk abin da ke cikin ɗakin ni na faɗa miki shi, don haka ba inda zai kai mai wasa sai inda ya kai ni. Kin sa mutum uku da ake zargi. Biyun ƙago su kika yi, ko ni na ga ba su da nauyi. Na ukun kin mai da shi mai aski, kin miƙe masa ƙafa, kika ce ba wanda zai gane. Amma kin bar shi tsaye a gindin bishiya ranar jana'iza. Ki tambayi duk wanda ya haura hamsin daga nan har Unguwar Gano wa ya tsaya a gindin bishiya.

Kuma naki ya fi fim ɗin haɗari. A fim, mutum zama yake a nuna masa. A naki, shi da yatsansa zai zaɓi mai laifi, sannan a buga masa kiɗa a ce ya yi nasara. Abin da mutum ya gano da kansa ba ya mantawa, ba kuma ya yarda a ce masa shirya masa aka yi.

Sabo yana da rai. Ɗansa Auwalu yana jan Adaidaita tsakanin Tarauni da Darmanawa. Kwanan baya na tare shi ban san shi ba ne sai da na zauna. Muna jiran fasinja ya cika, ya ciro waya yana buga irin wasannin nan naku, yana tsaki yana dariya shi kaɗai. Na ce, "Ya jikin mahaifinka?" Ya ce, "Da sauƙi, ido ne dai ya ƙi." Na buɗe baki in ce ya gaishe shi, sai na fasa. Da muka iso ya ce, "Baba Si'aidi, a nan za ka sauka ko?" yana murmushi, ba da wata manufa ba. Bai san shi ne ya fi kowa haƙƙin kirana da sunan ba. Wayar nan da ke hannunsa, can wasanki zai sauka. Ko shi, ko ɗansa, ko abokin ɗansa a makaranta.

Kin ce shugaban kamfanin naku ya faɗa miki a waya cewa wasan bincike ba ya yiwuwa ba amsa, masu wasa za su ji an cuce su. Na taɓa jin wannan maganar, a kasuwa, da tayin lemo. Turancinsa ne kawai ya fi na wancan. Kin kuma ce a ƙasashen waje haka suke yi da tsofaffin kashe-kashensu da ba a gano ba, fim a kan fim, wasa a kan wasa, kowa da wanda yake ɗora wa. Na sani. Amma nasu sun haura shekara ɗari a ƙasa, jikokinsu ma sun watse a duniya, kuma ko su ban tabbata ba mai jin ciwo ba. Namu yana Darmanawa, kuɗin Adaidaita ɗaya.

Ga amsar tambayarki. Kada ki sa kowa. Ki bar mai wasa ya shiga ɗakin, ya fara dubawa, ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai mata su shigo da bokitai, wani dattijo ya ce masa ya fita, gawa ba ta jira. Ki bar shi ya yi ta yawo a unguwa da tambayarsa, ya ga abin da take yi wa mutane duk inda ya ajiye ta. In ya nuna wani da yatsa, kada ki buga masa kiɗa. Ki nuna masa sahun masallaci washegari. Wannan shi ne abin da ya faru, ban kuma taɓa ganin wanda ya yi irinsa ba.

In sun ƙi, to ki ɗauke wasan daga Gyadi-Gyadi ɗungurungum. Ki ƙagi gari, ki ƙagi mamaci, ki ƙagi mugun da ba ya tafiya irin ta kowa, ba ya sana'ar kowa. Ki sare bishiyar, ki zubar da kofunan. In sun ƙi wannan ma, ki ba su wani labarin, kanki cike yake da su. Ban ce ki yi faɗa da su ba, ban ce ki ajiye aiki cikin fushi ba. Gidan nan ya ga isasshen mai zuciya, ga shi nan yana rubutu a zaure da rana tsaka lokacin da sa'o'insa suke hutawa a gidajen da suka gina. Ki yi musu ladabi, ki yi musu aiki fiye da yadda suka zata. Wannan labarin ne kaɗai ba na sayarwa ba, don ba naki ba ne, ni ma da na ba ki ba nawa ba ne ni kaɗai.

Sannan ki yi min alkawari ɗaya. Kada ki sake tambayata wa nake zargi. In kika dace da mummunar rana zan faɗa miki, da hujjoji a jere, kuma na iya jera hujja. In ma ni na kira ki da kaina na ce ki sa shi, ki ce to Baba, ki kashe wayar, kada ki yi.

Sauran kin san su. Ki ci abinci a kan lokaci, ba biskit da lemo a gaban kwamfuta ba. Ki riƙa ɗaga ido daga allon nan kafin ya cinye miki su. Kada aiki ya haɗa miki azahar da la'asar. Ki kira mamanki kullum, ko ba ki da abin faɗa, ita tana da shi. Ni ba sai kin kira ba, ina jin muryarki daga zaure.

Allah ya kiyaye ki a fitarki da shigarki. Allah ya haɗa ki da masu tsoronsa, ya sa albarka a hannunki da abin da yake ƙerawa, ya hana shi cutar da wanda bai ji ba bai gani ba. Allah ya dawo mana da ke lafiya. Ya ji ƙan Inna da Nasiru. Ya ji ƙan Baffa Idi, na rubuta, ko da hannun bai so ba.

Mahaifinki,
Lawan

Na rufe takardar na sake buɗewa. Watan jiya kin ce in kwatanta miki fuskar Nasiru ki zana, tunda hotonsa ɗaya da muke da shi ruwa ya ci shi shekarar da rufin ɗakin Inna ya zuba. Na kwatanta miki, dogon hanci, siririn gashin baki, ɗan tabo a gira. Kin zana, na ce shi ne sak. Kin kai wa mamanki, ta duba ta mayar miki da shi. Ɗazu ta faɗa min dalili. Ta ce Nasiru ba shi da gashin baki, ba shi da tabo. Wanda kika zana ɗan wasan da ya fito a matsayinsa ne a fim ɗin. Na zauna na rufe ido na neme shi, na daɗe ina nema. Ki cire zanen. Ba ni da wani da zan ba ki a madadinsa. Na manta fuskar ƙanena.